Kafin ku biya kuɗin Linux

Jama'a, ga shawara ga mai niyyar ɗora Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwamfutocin ofis ko makaranta. Kuɗin da kamfanonin Linux irin su Red Hat da SUSE ke karɓa na kulawa ne, wato sabunta tsaro na shekaru masu yawa da kuma injiniyan da wajibi ne ya amsa muku idan sabar (babbar kwamfutar) da ke riƙe da bayanan albashi ta tsaya cikin dare. Idan babu mai irin wannan ƙwarewa a cikinku, biyan ya fi asarar aikin yini guda sauƙi.

Sai dai kada ku yi gaggawa, domin Ubuntu Pro, tsarin kulawa na nau'in Linux mai suna Ubuntu, kyauta ne ga mai amfanin kansa har kwamfuta 5, kuma yana tsawaita sabunta tsaro daga shekara 5 zuwa 10. Masu amfani da Debian, wani nau'in Linux, kuwa suna dogara ne da 'yan sa-kai, waɗanda sukan amsa tambaya da kyau muddin mutum ya kwafo saƙon kuskuren yadda ya fito, ya faɗi sigar da yake kai. A ganina, wannan ya wadatar da ɗalibi da ƙaramin shago, amma asibiti ko banki gara su biya.