Ruwan wankin ƙoda a cikin ƙirji: kurakuran da na gaji da gani

Masu wankin ƙoda ta ciki, wato waɗanda ake zuba wa ruwan wanki a ciki ta bututu sannan a zuƙe shi, ba su da yawa a nan Yamai, shi ya sa sababbin ma'aikatan jinya kan ruɗe idan ruwan wankin ya bi ta wata ƴar kafa a tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ya taru a gefen huhu, galibi ta dama.

Babban kuskure ni kaina na taɓa tafka shi. Wata dattijuwa ta zo tana haki, ɗiyarta ta nuna mini littafin da take rubuta awo: lita 2 ake zubawa, amma abin da ke dawowa bai kai haka ba. Na ɗauka ruwa ne ya yi mata yawa a jiki, na ce a koma jakar ruwan wanki mai ƙarfi, mai sukari kashi 4.25 cikin 100. Jakar nan ruwa take jawowa cikin ciki, cikin ya ƙara cika, ya ƙara tura ruwan sama. Kafin asuba Hajiya ba ta iya kwanciya, tana zaune ta dafa gwiwa tana cewa, "Ɗiyata, numfashina ba ya kaiwa." Ƙafafunta kuwa babu kumburi ko kaɗan irin na wanda ruwa ya yi wa yawa a jiki, kuma na gan su da idona, ban yi tunani ba. Yau duk wanda ya miƙa hannu ga jaka mai ƙarfi bai ɗora abin saurare a bayan mara lafiya ba, sai ya ji daga gare ni. Haki tare da raguwar ruwan da ke fita, hoton ƙirji yake nema, kuma ni nakan zuƙe cikin, in bar shi babu ruwa, kafin ma likita ya iso.

Na biyu shi ne ɗora wa ƙurar hunturu laifin tarin da mara lafiya ke yi, a sallami mutum da maganin tari.

Idan an zuƙo ruwan ƙirjin, kada a manta da auna sukarinsa tare da na jini a lokaci guda. Idan na ƙirji ya zarce sosai, daga ciki ya hauro. Shuɗin rinin da ake zubawa a jaka don gwaji ban yarda da shi ba, yana iya ƙona tantanin ciki.

Saura gaggawar komawa wankin ciki. Akan mayar da mara lafiya wankin jini da na'ura na wasu makonni don kafar ta toshe, sannan a dawo da ruwa kaɗan kaɗan. Idan ya sake haurowa, magana ta koma hannun likitan tiyatar ƙirji, ko ya liƙe huhu da bangon ƙirji da garin talk (wata farar hoda), ko ya ɗinke kafar.