Kurakuran da masu koyon zanen fuska suka fi yi

Samari na kawo mini zanensu a nan Yamai, kusan duka da ciwo ɗaya: sun ɗauka fatar baƙin mutum da baƙin fenti ake yin ta. Kana zuba baƙi cikin ruwan ƙasa don inuwar ƙarƙashin haɓa, fuska ta yi toka, jini ya fita daga cikinta. Wannan ya taɓa ja mini asarar aiki sukutum. Wata hajiya ta sa na zana ɗanta, ta zo ta duba ta ce, "Malam, ai gawa ka zana mini." Ba ta karɓa ba, kuma da gaskiyarta. Tun ranar na kori baƙi daga faifan haɗa kalata. Inuwa ina haɗa ta da ja mai duhu, shuɗi da ruwan ƙasa. Ka tsaya ka dubi mutum a rana: goshinsa na ɗaukar shuɗin sama, kumatu na da ja a ciki, Buzu mai rawanin turkuɗi kuwa shuɗin har bisa fatarsa yake sauka.

Sai masu farawa da ido. Yaro ya ɓata yini yana ƙawata gashin ido alhali bai kafa kai ba! Ido a tsakiyar kai yake, daga ƙololuwa zuwa haɓa. Ku kuwa sai ku kai shi can sama, ku yanke wa mutum ƙwalluwar kai. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne, kunne daga gira zuwa gindin hanci. Kuma ku rabu da kwafar hoton da aka ɗauka da salula dab da fuska, hanci yake kumburawa. Lalaci ne kawai. Ɗauki takarda da fensir ka je kasuwar Katako, ka nemi izinin mai shayi, ka zana shi yana aikinsa.

Farin ido ba fari fat ba ne. Haƙora ba a jera su ɗaya-ɗaya. A zafin Afrilu fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, na bushewa kan buroshi, ni ina fesa ruwa a kai a kai. Da hunturu fentin mai kuwa ƙura yake kamawa, sai na juya allon ya dubi bango.

Tsagar fuska kuma kada ka share ta wai kana gyara. Dattijo Ba'adare daga Tawa ya zauna maka, ka zana tsagarsa yadda wanzami ya yi ta, adadinta da inda take, don da ita danginsa za su fara duba ko shi ne.