Matakan rarrabe kalmomin Turanci masu sauti iri ɗaya

Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO a Gusau da Ƙauran Namoda, ku matso. Kamar yadda garin tuwo da garin Gummi suke rubutu ɗaya sai jimla ta raba su, haka "their" da "there" suke a kunne. Ma'ana ce ke raba gardama.

1. Warware kalmar. In ka rubuta "it's", karanta ta "it is" ko "it has". Jimlar ta zauna daidai? Bar ta. Ta karkace? "Its" kake nema, ta mallaka. Haka za ka gwada "you're" da "they're". Abin da ke ruɗa mutane shi ne "Musa's book", inda waƙafin sama ke nuna mallaka. To, a wakilin suna ba haka ba ne, alama ce kawai cewa an cire harafi.

2. Leƙa cikin kalmar. "Hear" na ɗauke da "ear", kunne. "There" na ɗauke da "here", dukansu wuri.

3. Yi hattara da harshenmu. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa "pull" ke komawa "full", "pan" ya zama "fan". Rubuta su bibbiyu a bangon littafinka tare da fassara.

4. Kada ka jingina da jan layin da kwamfuta ke sa wa kalmar da aka rubuta ba daidai ba. "Weather" da "whether" duk rubutunsu daidai ne, ba lallai ta tsayar da kai ba.

5. Ware minti 5 na ƙarshe, ka bi takardarka daga jimlar ƙasa zuwa sama, biro na kan kowace kalma.