Hoton baƙi da fari: ku daina ɗora fitila kawai kuna cewa kun gama

Wallahi na gaji da ganin hotunan da yaran Yamai ke zubawa a Facebook, mutum ya ɗauki hoto mai kala da tsakar rana, ya danna fitila, wato filtar nan mai sauya kamannin hoto, ya cire kalar, shi kenan wai ya zama gwani. Ba haka abin yake ba.

Babban kuskure shi ne ba ku san ja da kore suna iya komawa toka iri guda ba in an cire kala. Wannan abu ya ci mani kuɗi, wani biki a Lazare na tsaida amarya da atamfa ja gaban ganyen bedi, a ido abin ya yi kyau ƙwarai, da na wanke hoton sai ga amarya ta narke cikin itace, fuska kawai ke yawo, uwar amarya ta ce ita ba ta biyan kuɗin fatalwa, kuma gaskiyarta. Tun lokacin nake sa kamara a baƙi da fari tun kafin in danna, in ga haske da duhu da idona, in mutum ya sa duhu in nema mai bango mai haske, in ya sa fari in kai shi bakin zaure mai duhu. Masu ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba, ku ja jan ya yi haske, koren ya yi duhu a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, amma kar ku dogara da gyara.

Na biyu, hotonku shimfiɗe yake kamar tabarma. Ina gaba, ina tsakiya, ina baya? Ku je bakin kogi wajen Gamkalle lokacin hunturu da safe kafin ƙarfe tara, ku duƙa, ku sa bakin kwalekwale kusa da ku ya yi baƙi wuluk, masu wanki a tsakiya, gadar Kennedy can baya hazo ya dusashe ta. Abin da ke nesa ya fi haske, na kusa ya fi duhu, ido da kansa zai shiga cikin hoton. Amma ku, kuna tsaye ƙiƙam kuna zum da yatsa, ƙafa biyu Allah ya ba ku, ku matsa mana! Ku nemi hotunan mai ɗaukar hoto Philippe Koudjina na Yamai a shekarun 1960 da 1970 ku ga yadda mutum ke shiga cikin jama'a da kamara.

Farar shadda na ruɗin kamara ta baƙanta fuska, ku taɓa fuskar a allon waya ku ƙara haske kaɗan. Kogi ba ya karkata, ku miƙe layin. Ku duba kar falwayar lantarki ta tsiro bisa kan mutum. Kuma kwantaras ɗin nan, wato bambancin haske da duhu, da kuke ja har ƙarshe har zanen hula ya ɓace, don Allah ku rage.