Buroshi Mai Tauri Dasashi Yake Ci

Na gaji da ganin yadda ake zaɓen buroshin goge baki a kanti. Mutum zai ɗauka ya danna gashin da babban yatsa, in ya ji tauri sai ya ce wannan ne mai ƙwari, zai daɗe. Duk cikin kurakuran da ake yi babu wanda ya kai wannan ɓarna.

Dattin da ke taruwa a haƙori, farin nan mai yauƙi da farce ke iya karcewa da safe, laushi gare shi. Gashi mai laushi ya ishe shi, kuma shi ne ma yake lanƙwasawa ya shiga lungun da haƙori ya haɗu da dasashi, inda ciwon yake farawa. Wanda kuwa ya riga ya daskare ya yi tauri a gindin haƙori, duk ƙarfinka ba ka fitar da shi, sai likitan haƙori ya kankare. To me taurin buroshin ya tsinana maka? Ba abin da yake yi sai cinye dasashi da zaizaye haƙori.

Ni da bakina na biya kuɗin wannan. Saboda jan goro na riƙa sayen irin wanda ake cewa na masu shan taba, ina dirza daga gefe zuwa gefe da iya ƙarfina. Yau a haƙoran gefena na sama dasashi ya ja baya, saiwa ta bayyana, har da tsagi da farce ke shiga. Ruwan randa in ya taɓa wurin sai na ji shi har cikin kai. Likita ya cike tsagin, amma dasashin da ya ja baya ba ya dawowa da kansa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga uwa ta saya wa yaro irin wannan wai don ya yi ƙarko. Haba jama'a! Kuɗin buroshi nawa ne, kuɗin ciko nawa ne?

Ka duba kwali, ka ɗauki wanda aka rubuta "soft", in na Faransanci ne "souple". Ka riƙe shi da yatsu yadda kake riƙe alƙalami, ka ɗan karkata gashin wajen dasashi, ka riƙa zagayawa a hankali, minti 2, safe da kuma kafin barci. In buroshinka ya baje tun bai yi wata ba, hannunka ne ya yi nauyi.

Sai maganar jini. Wasu da zarar sun tofa sun ga ja sai su daina taɓa wurin, wasu kuma su ƙara dirzawa wai mataccen jini ne ke fita. Duka biyun kuskure ne. Galibi dattin da ya kwanta ne ya kumbura dasashin. Ka ci gaba da gogewa a hankali, in mako 2 ya wuce jinin bai tsaya ba, ka tafi asibiti, kada ka tsaya kan ruwan gishiri kawai.

Buroshi mai babban kai ba ya kaiwa turamen can ciki, ni mai ƙaramin kai nake saye. A canza buroshi duk wata 3, ko kafin nan in ya baje. Miji da mata ma kowa da nasa. Kada a rufe shi a leda ko jaka yana jiƙe, a ɗauraye a tsayar da shi ya sha iska. Gawayi da toka su ma zaizaya suke yi, a bar su. Man goge baki ya kasance mai sinadarin fulorayid, wanda ke kare haƙori daga ruɓewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa za a sa masa, kuma babba ne zai goge masa.

Asuwaki ban taɓa barinsa ba, yana aljihuna don lokutan salla. Sai dai a tauna bakinsa sosai har ya yi laushi kafin a kai shi dasashi, a riƙa yanke tsohon bakin, domin busasshe ma yana ji wa dasashi ciwo. Da dare kuwa buroshi da mai nake amfani da su, in na gama in tofar, ba na kurkure baki da ruwa, don man ya zauna a haƙori.