Yadda ake karanta Lisistirata, wasan da matan Girka suka yi wa yaƙi yaji

Duk wanda ya taɓa jin labarin Lisistirata abu ɗaya yake riƙewa, wai mata ne suka haɗa baki suka hana mazajensu shimfiɗa har sai an daina yaƙi, sai a yi dariya a wuce. Ni ma haka na fara saninsa, ranar da na zauna karantawa kuwa rabin wasan wuce ni ya yi, don na faɗa masa da ka ban san komai a kan garin da aka yi shi ba. To ga yadda nake ganin ya kamata a bi shi, ko kai kaɗai ne ko kuwa ƙungiya ce za ku raba muryoyi.

Kafin ka buɗe shafin farko riƙe shekarar tukuna, 411 kafin miladiyya, a birnin Atina, marubucin kuma Aristofanis. A lokacin shekara 20 kenan ana gwabzawa tsakanin Atina da Sifarta, tun 431. A 413 rundunar da Atina ta tura tsibirin Sisili ta halaka a Sirakus, jirage sun tafi, dubban maza sun mutu, waɗanda aka kama aka zuba su ramukan fasa dutse, ga Sifartawa sun kafa sansani a Dekeleya kusa da gari sun hana mutane gonakinsu. Kenan masu kallon nan da wuya ka sami wanda bai yi zaman makoki ba. Sunan jagorar matan kansa, wato Lisistirata, ma'anarsa mai watsa runduna. In ba ka sa wannan a ranka ba, wasan zai zame maka hirar batsa kawai.

Sai abin da na fi so in jaddada, ka bi sawun kuɗi. Shiri biyu matan suka yi, mutane na farkon kawai suke tunawa. Matasan su ne masu ƙaurace wa maza, amma tsofaffin tun da sassafe suka je suka mamaye Akrofolis, tudun da haikalin gunkiyarsu Atena yake, nan ne baitulmalin gari. Wani babban jami'i, cikin dattawa 10 da aka naɗa bayan masifar Sisili, ya zo ɗibar kuɗin da za a sayi katakon tuƙa jirage sai ya tarar ƙofa a garƙame. Wannan sa-in-sar tasa da Lisistirata ka karanta ta sau biyu, a hankali. Ta ce masa su za su riƙe kuɗin, ya ce ta yaya, ta ce to wa ke riƙe na cefane a gida. Ta ba shi labarin yadda suke jin maza sun yanke shawarar banza a majalisa, in mace ta tambaya da murmushi sai miji ya ce ta rufe baki ta koma kan saƙarta, yaƙi aikin maza ne, maganar da kowane ɗan Atina ya san daga bakin jarumi Hekta ta fito a waƙen tsohon mawaƙinsu Homa. Sai matan suka lulluɓa wa jami'in mayafi suka miƙa masa kwandon ulu suka ce zauna ka yi shiɓa, yau yaƙi aikin mata ne.

A nan ne Lisistirata take kawo misalin ulun, kuma duk wanda ya taɓa ganin kaka da mazari ba ya buƙatar sharhi. Wai gari kamar gashin tunkiya ne da aka aske, sai an wanke kashin, a shimfiɗa a buge ƙayoyin su zube, a warware inda ya cukurkuɗe, wato masu haɗa kai don neman muƙami, sannan a shiɓe a tara a kwando ɗaya har da baƙin da ke zaune a gari da masu bashin gwamnati da garuruwan da Atina ta kafa a waje, a kaɗa a yi babban ƙunshin zare a saƙa wa jama'a riga. Kar ka yi sauri a nan, don bayansa kaɗan dariya ke ɗaukewa. Jami'in ya ce me ya haɗa mata da yaƙi, ta ce mu muke haifar 'ya'yan mu tura su, bai bari ta ƙarasa ba ya ce ta yi shiru kar ta tuno baƙin ciki. Ta ƙara da 'yan matan da ke tsufa a ɗaki, namiji ko da furfura ya dawo zai sami yarinya ya aura, mace kuwa lokacinta gajere ne. In a ƙungiya kuke, mai karanta wurin nan ta sauke murya.

Ɓangaren raha ba sai na koya wa kowa ba. Matan ma sun gaji, wannan ta ce asu na cinye mata ulu a gida, waccan ta cusa hular kwanon Atena a ƙarƙashin riga ta ce naƙuda ce alhali jiya ba ta da ciki. Sai Kinesiyas ya zo biko, don biko ne sak, ɗauke da jaririnsu yana cewa kwana shida ba wanka ba nono. Matarsa Mirina ta sauko kamar ta yarda, ta je ɗauko gado, ta dawo ta ce a'a babu tabarma, sai matashi, sai bargo, sai turare, ta ce ba wannan turaren ba, da ta gama gasa masa aya a hannu ta sulale ta gudu. Gargaɗi dai, wasan akwai batsa ƙuru-ƙuru, 'yan wasan lokacin har wani abin fata suke ɗaurawa a gaba. Tsofaffin fassarori kan lulluɓe wuraren har ka rasa me ake wa dariya, don haka nemi ta zamani mai bayani a ƙasan shafi, in da manya ko ɗalibai za ku karanta kuma ka riga su bi ka sa alama inda za a tsallake.

'Yan amshin wasan, masu waƙa a tare, kashi biyu ne, tsofaffi maza da itace da tukwanen wuta za su ƙona ƙofa, tsofaffi mata da tulunan ruwa suka sheƙa musu, to ku ma ku rabu biyu. Ku kula da inda tsohuwa ta cire wa tsoho ƙwaro a ido ta share masa hawaye, daga nan suka haɗe. Lamfito 'yar Sifarta kuwa da karin harshen garinsu take magana, shi ya sa wasu masu fassara a Ingila suke ba ta bakin mutanen Sikotilan, in Kananci kuke yi ku ba wa wadda ta iya Sakkwatanci.

Kuma don Allah kar a mayar da Aristofanis ɗan fafutukar 'yancin mata. Maza ne zalla suka yi wasan sanye da fuskokin ƙarya, a garin da mace ba ta da ƙuri'a a majalisa, kuma ya yi wa matan ba'ar shaye-shaye, rantsuwarsu ma a kan kwaryar giya suka yi. Sai dai ka lura ita Lisistirata bai taɓa mayar da ita abin dariya ba. Ba kuma duk yaƙi yake ƙi ba, faɗan Lisistirata a wurin sulhun ƙarshen wasan shi ne Girkawa masu tsafi a wuri ɗaya suna kashe juna ga abokan gaba na waje suna kallo, ta tuna wa Sifartawa yadda Kimon, kwamandan Atina, ya kai musu sojoji 4,000 lokacin girgizar ƙasa, ta tuna wa Atinawa yadda Sifartawa suka taya su korar azzalumi Hifiyas.

Za ka ji ana haɗa wasan da matan Laberiya na 2003 ƙarƙashin Leymah Gbowee, eh sun yi shelar irin wannan yajin, amma abin da ya girgiza masu tattaunawa shi ne ranar da suka zauna suka tare ƙofar zauren sulhu a Akra, kamar dai tsofaffin nan na Akrofolis. A Atina kuwa an tafa an tashi yaƙi ya ci gaba har 404 da garin ya miƙa wuya. In ka gama kana son ƙari, nemi wasan Aristofanis mai suna Akarniyawa na 425, inda wani manomi ya gaji ya je ya ƙulla nasa sulhun shi kaɗai da Sifarta, sai wasan matan da suka manna gemu suka shiga majalisa suka karɓe mulki, wannan bayan yaƙin ya rubuta shi.