Kurakuran da aka fi yi wajen ƙera kakaki da bakin busa a Zariya, da yadda za a gyara su

Da azumi ya kai ashirin za ka fara ganin ana shigo da kakaki maƙera, kowa yana so a duba masa kafin hawan Sallah. Wani ya lotse, wani ya tsage a gaɓa. Wani kuwa lafiyarsa lau a ido, sai ƙyalli yake yi, amma mai shi ya ce yana cinye masa numfashi, kafin a kai ƙofar fada kansa ya fara juyawa. Farkon zangon karatu kuma malaman makarantu ne ke zuwa da begila da ƙahonin badujala a buhu. Garin da Daffon Soja yake tun 1924, ga makarantar horar da yara sojoji tun 1954, ga fadar Zazzau da mabusanta, ba zai rasa mai neman wannan aiki ba. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu maƙeran fari muna kashe ƙarfinmu a bayan ƙaho, muna goge shi har mutum ya ga fuskarsa, alhali murya a ciki take. Kusan duk kurakuran da zan ambata a ciki suke ɓuya, inda iska ke bi.

Zan fara da wanda ya fi tayar mini da hankali, domin shi ba murya kaɗai yake ɓatawa ba. Idan aka tashi zuba bakin busa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗora leɓe a kansa a hura, sai a je wajen 'yan gwangwan a sayo tsohon kan famfo, da tsohon kwaɗo, da 'yan makullai, a narka su wuri ɗaya. Launinsu ya yi daidai, kuma suna da araha. Amma tagullar da ake yin irin waɗannan kaya da gangan ake zuba mata dalma a masana'anta don ta yi sauƙin yanka a inji, wani lokaci har kashi 3 cikin 100. Wannan ƙarfe ne yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ɗora a leɓensa kullum, da miyau, da tsagewar leɓe ta lokacin hunturu. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ya san ba abin wasa ba ce. Can daga dutsen zinariya ta fito, kuma da yawa, amma guba ɗaya ce, tana taruwa a jiki a hankali, kuma yara ta fi yi wa illa. Gyaran shi ne a nemi tagulla mai tsabta, wadda take jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, irin ta falle da ake sayarwa sabuwa. Idan da hali a kai bakin a yi masa rufin azurfa, kamar yadda ake yi wa na kamfani. Kuma kada a taɓa liƙa gefen da leɓe ke taɓawa da dalmar masu gyaran rediyo. Wanda rufinsa ya goge har rawayan ƙarfe ya fito, a sake rufe shi ko a ajiye shi.

Maƙerin ma yana da nasa rabon. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900 zuwa 940 na ma'aunin Salshiyas, ita kuma tutiyar da ke cikinta a digiri 907 take tafasa. Farin hayaƙin nan da ke tashi daga tukunya idan aka matsa wa zugazugi, tutiya ce ke gudu. Wanda ya shaƙe shi da rana, da dare zai ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ya ɗauka cizon sauro ne. Ƙarfen kuma ya rage kyau, ya fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. A yi zubi a fili inda iska ke kaɗawa, a barbaɗa sinadari da garin gawayi a kan ruwan ƙarfen, kuma da ya narke a zuba, kada a bar shi yana dahuwa.

Sai siffar bakin kansa. Wannan ɗan abu da bai kai tsawon yatsa biyu ba yana da wurare huɗu, kowanne da aikinsa: gefen da leɓe ke zama, kwarmin da ke biye da shi, ƙaramin maƙogwaron da ke ƙasan kwarmin, da jelar da ke shiga cikin ƙaho. A ƙahon badujala mai maɓallai uku, faɗin kwarmin daga ciki milimita 16 zuwa 17 ne. Samfurin Bach 7C, wanda aka fi bai wa masu koyo, kaɗan ya haura 16. Maƙogwaron kuwa wajen milimita 3.7 ne. Na babban ƙahon da ake ja ana turawa, kwarminsa ya kai milimita 25. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don a ga cewa rabin milimita a nan babban abu ne, ba wurin da ake awo da ido ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe maƙogwaron. Ɗalibi ya zo ya ce ƙahonsa yana da tauri, sai maƙeri ya ɗauki abin huji ya faɗaɗa ramin, yana ganin ya taimaka masa. A ranar farko murya za ta ƙara girma, yaro ya tafi yana murna. Bayan mako guda muryoyin sama sun gagare shi, numfashinsa yana ƙarewa kafin a gama taken ƙasa. Wannan 'yar turjiyar da yake kuka da ita, ita ce leɓe ke jingina da ita ya yi rawa. Na taɓa karɓar wani yaro daga wata sakandare a Tudun Wada, ya ce mini, "Baba, malaminmu ya ce ni ne ba ni da ƙirji." Na ɗaga bakin nasa na duba ta rana, ramin ya kusa milimita 5, wani ya riga ya yi masa aika-aika. Na ba shi wani bakin da ba a taɓa ba, nan take murya ta tashi. Watanni ya yi yana zargin kansa a kan laifin da ba nasa ba. Abin da aka cire daga ƙarfe ba ya komawa, don haka kafin a taɓa maƙogwaro a wanke shi tukuna. Sau da yawa dattin goro da busasshen miyau ne suka toshe shi.

Gefen baki kuma kada a bar shi da kaifi, yana yanka leɓe. Kada kuma a murje shi ya zama kamar bakin kwalba, domin leɓe zai riƙa zamewa, farkon kowace murya ya fito a dagule. A bar saman da ɗan faɗi, a sassauta kusurwar ciki kaɗan da samfefa mafi laushi. Wannan ya shafi kakaki ma, inda yawanci bakin a manne yake da gaɓar farko: mabushin da zai yini a kan doki ko a ƙasa yana bin ayarin sarki, gefe mai kaifi zai fasa masa baki tun kafin azahar. Jelar kuwa dole ta tafi tana sirancewa a hankali, wajen milimita 1 a kowane milimita 20, don ta zauna daram a mazauninta. Wannan aikin masu injin juya ƙarfe ne na Sabon Gari, ba na magagari ba. A kai musu ƙahon tare da bakin, su gwada a gabanka. Jelar da ke girgiɗi, wadda ake naɗa wa takarda ko leda, tana zubar da iska kuma tana karkatar da murya.

Tsawo shi ne ke yanke hukuncin kaurin murya. Ƙahon badujala idan aka miƙe shi bai wuce mita ɗaya da rabi ba, kakaki kuwa yana kai mita biyu zuwa uku, wani ma ya fi. Ƙarin kashi 6 cikin 100 na tsawo yana sauke murya da rabin mataki, wato 'yar tazarar da ke tsakanin murya ɗaya da mafi kusa da ita a kiɗan badujala. Matsalar tana fitowa ne idan aka ba da aikin kakaki biyu ko huɗu da za a busa tare, maƙeri ya auna da kamu da taƙi, yau da hannunsa gobe da na yaronsa. Bambancin santimita biyu ko uku ya isa ka ji muryoyin suna rawa kamar masu gardama, "ga shi, ga shi" ɗin ya fito ba tsabta. A yi ma'auni na katako guda ɗaya a riƙa yanka a kansa, a bar gaɓar ƙarshe da ɗan rara, sai mabusa sun zo sun gwada tare sannan a datse. Kuma a gwada bayan ƙarfen ya ɗumama da numfashi. Da sanyin asuba na hunturu kowane ƙaho muryarsa ƙasa take yi, wanda ya datse a lokacin zai ga ta haura idan rana ta take.

Wanda ya taso a maƙerar baƙi yakan shigo aikin tagulla da ɗabi'ar da ba ta dace da ita ba. Tagulla duka ne ke taurara ta. Kana bugun ƙarshen kakaki, inda murya ke fita, don ya buɗe kamar fure, tana ƙara ƙagewa, in ka ci gaba sai ta tsage daga gefe. Da ka ji ƙararta ta canja a kan uwar maƙera, masaba ta fara dawo maka, tsaya ka mayar da ita wuta har ta yi ja mai duhu, irin wanda sai a inuwa ake ganinsa. Bayan nan ko ka tsoma ta a ruwa ko ka bar ta ta huce, laushi za ta yi, ba kamar ƙarfen wuƙa ba da ruwa ke ƙara masa tauri. Faɗaɗa ƙarshen kakaki guda ɗaya yana iya buƙatar komawa wuta sau da dama. Kada kuma a wuce gona da iri a kai ta ja mai haske, fatarta takan yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo.

Akwai wata tsagewa da ke ba mutane mamaki, wadda kakaki ke yi yana rataye ba wanda ya taɓa shi. Sojojin Ingila a Indiya sun ga irinta a kwanson harsasai da suka ajiye a bargar dawaki lokacin damina, daga baya aka gano warin fitsarin dawaki ne ke cin tagullar da duka ya bar ta a ɗaure. A Zariya, inda kakaki da doki ba sa rabuwa, wannan ya shafe mu kai tsaye. Kada a jingine shi a barga ko kusa da makewayi. Maƙeri kuma idan ya gama duka ya ɗan gasa shi sama-sama, wajen digiri 250 zuwa 300, ba tare da ya yi ja ba, don ƙarfen ya saki jiki.

Liƙi iri biyu ne, kuma musanya su kuskure ne. Doguwar ɗinkin da ke bin tsawon bututu tana son liƙi mai ƙarfi, na azurfa ko na tagulla, wanda ke narkewa sama da digiri 600, domin za a ci gaba da duka da gasawa a kansa. Liƙi mai laushi, wanda bai kai digiri 200 ba yake narkewa, na zobba ne da maƙalai, abubuwan da wata rana za a so a cire. Wanda ya ɗinke bututu da mai laushi, ranar da aka mayar da shi wuta zai buɗe kamar kwasfar wake. Yawan liƙi ma ba ƙarfi ba ne. Rarar tana gangarawa ciki ta daskare ta zama ƙulli a hanyar iska, ba mai ganinta sai an ɗaga bututun an leƙa ta haske. A goge wurin fes kafin a haɗa, a matse gefe da gefe har ba rata, a sa kaɗan. Da an gama a toshe ƙarshe ɗaya, a nutsa a ruwa a hura. Ƙaramin kumfa ɗaya ya isa ya sa mabushi ya riƙa jin kamar yana cika tulu mai huji. Ragowar sinadari kuma a wanke ta, in ba haka ba za ta yi kore ta ci ƙarfen. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai ɗumi tana wannan aiki, sai a ɗauraye da ruwa sosai a shanya. Ruwan batir da wasu ke amfani da shi yana ƙona hannu, kuma yana ɗauke da dalma.

Lanƙwasa bututun begila babu komai a ciki ɓata ƙarfe ne, zai ƙulle a gwiwa. A gasa shi, a ɗura busasshen yashi mai laushi a daddage, a toshe baki biyu, sannan a lanƙwasa a jikin katakon da aka fafe daidai. Yashin ya bushe ƙarau idan za a sake kai shi wuta, domin mai danshi tururi yake yi ya harba toshiyar.

Ragowar ɓarnar a hannun masu busa take faruwa. Ɗalibai suna son buga bakin da tafin hannu don su ji ƙarar nan, daga nan sai ya maƙale. Sai a kawo filaya a murɗa, bakin bai fita ba, bututun gaba ya karkace, maƙalai sun ɓalle. A sa shi a hankali da 'yar murɗawa kaɗan, ya isa. In ya maƙale, a ɗan ƙwanƙwasa kewayen mazaunin da guntun katako, ko a kai wa mai abin zare shi. Maɓallan da suka yi nauyi kuma ba a goge su da samfefa. Ratar da ke tsakaninsu da gidansu ba ta kai kaurin gashi ba, in aka ci ta iska za ta riƙa zuba, ƙahon ya tashi aiki. Man gyaɗa da baƙin mai suna yin danƙo su kama ƙurar hunturu, a nemi man da aka yi dominsu, mai ruwa-ruwa. Jajayen ɗige-ɗigen da ke fitowa a bututun gaba alama ce miyau ya cinye tutiyar daga ciki, ba a gyara ta da faci mai ɗorewa, sai dai a sauya bututun. Malamin da ke riƙe da kayan badujala ya sa yara su kurkure baki kafin busa, su zubar da ruwan ciki in sun gama, sannan duk wata a kwance ƙahonin a wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu, ba tafasasshe ba. Kowane yaro kuma a ba shi bakinsa, a ɗaura masa zare mai launi a jela don ya gane nasa.